Giris ɗin Baba Shekari

Ɗigon farko ya faɗo kan farantin ƙarfe tun inji bai gama ɗaukar zafi ba. Baba Shekari ya gan shi sarai, amma ya kau da kai ya shiga gyaran wuyan riga kamar ba da shi ake ba. Wani ɗigon ya biyo baya, daga nan giris ɗin da ya dafa da hannunsa a safiyar nan ya kama tsiyaya daga cikin boris, zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a ciki, kamar man shanu a rana. Boris ya fara kuka, irin kukan da duk mai injin markaɗe ya sani, mai nufin a kashe inji a nemo mai gyara.

Diana ta miƙa hannu ta kashe. Ita ce mai kula da ɗakin gwaji a ɗan kamfanin haɗa man inji da ke Kudenda, yarinya mai ƙaramin jiki da tambaya kamar ɗan sanda. Ta leƙa ƙarƙashin boris ɗin, ta dangwali man da ya zuba, ta murza a yatsu.

"Baba, bai riƙe ba," in ji ta.

"Injinku ne ke da zafin kai," in ji Shekari.

Alhaji Lawal, mai kamfanin, yana tsaye a bakin ƙofa da carbi a hannu. Ya kafa wa farantin ido.

Shekari ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wata masaƙa a Kakuri, yana yawo tsakanin injuna da butar mai a hannu. A can ba wanda ya san sunansa, lambar da ke jikin katinsa ake kira. Da masaƙar ta rufe sai ya koma gyaran injinan markaɗe a Mahuta da Unguwar Boro, inda ya tarar da wata tsohuwar rigima. Baƙin giris na kanti, da inji ya yi zafi sai ya narke ya bi sandar ƙarfe ya shiga cikin tattasai da wake, mata su yi ta zagin mai inji, mai inji kuma ya juyo kan mai gyara. Shekari ya ce ai sai ya haɗa giris da abin da ko ya shiga miya ba zai kashe kowa ba. Ya ɗauki man kaɗanya da kakin zuma da man zurma, ya shekara da shekaru yana ɓata su. Rannan kawai, ba tare da ya canza komai ba, ya dawo ya tarar da tukunyarsa ta kama, fari sol, mai danƙo, ko an ɗora shi a wuta sai dai ya yi laushi. Ya durƙusa ya gode wa Allah, kuma tun daga lokacin masu injuna har daga Tudun Wada suke aiko masa da gwangwani.

Haka labari ya kai kunnen Alhaji Lawal. Ya ce za a yi wa giris ɗin rajista a Abuja, a karɓo takardar gwamnati da ke cewa wane ne ya ƙirƙiro wannan abu, kada wani ya kwaikwaya sai da izininsa, kamfani kuma ya riƙa sarrafawa. Shekari bai saurari sauran bayanin ba. Inda aka ce za a rubuta sunansa, nan kunnensa ya tsaya. Abin da yake so ke nan tun yana riƙe da butar mai, wato a ce ga wani abu ɗaya a duniya da sunan Shekari a jikinsa. Har ya riga ya sanar da zumuntar maza a coci, an yi masa tafi.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa. Lauyar kamfanin ta ce takardar ba ta karɓar sirri, dole a bayyana haɗin yadda duk wanda ya karanta zai iya yi ya samu abu ɗaya. Shi ya sa ya zo yau da kayansa ya dafa a gabansu, a cikin tukunyarsu mai ƙyalli, Diana na auna duk abin da ya zuba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ko a gidansa sai ya kulle ɗaki ya saki labule kafin ya yi awo.

"Bari mu gwada na gidan," in ji Diana.

Ta wanke boris ɗin, ta cika shi da giris daga gwangwanin da ya zo da shi daga Mahuta, ta kunna. Inji ya yi ta gudu har ɗakin ya ɗauki warin ƙarfe mai zafi, farantin ƙasa kuwa a bushe. Shekari ya gyara tsayuwa ya dubi Alhaji.

"Ka gani ko?"

"Na gani," in ji Alhaji. "Na ga wanda ka dafa a gida yana aiki, wanda ka dafa a gabanmu ba ya yi. Malam Shekari, in ba ka yarda da mu ba ne ka rage wani abu a aljihu, ka faɗa, ba za mu ɓata ba. Kowa ya kama harkarsa."

Maganar ta soke shi, don kuwa bai rage komai ba. Ya buɗe baki zai yi rantsuwa, sai ya ga Diana ta koma gefe tana wani abu da ya ɗauke masa hankali. Ta sa ɗan giris na gida a kwalba, na yau a wata kwalbar, ta zuba musu ruwan ɗumi ta girgiza. Na yau ya taso sama ya yi ido-ido kamar romo. Na gida kuwa ya yi fari kamar nono, har da kumfa a kai. Ta tsoma wata 'yar siririyar takarda a kowanne, ta kwalbar gida ta rikiɗe ta zama shuɗiya.

"Baba, akwai sabulu a cikin wannan."

"Sabulu? Ni zan sa sabulu a inji? Wanki zan yi?"

"Ba na kanti ba, Baba, kar ka ji haushi. A cikin tukunyar ya haɗu. Wani abu mai kaifi irin su soda ko kanwa ya shiga, ya mai da wani sashe na man ya zama sabulu, shi ne yake riƙe sauran kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Duk giris na duniya haka yake, ba majik ba ne. Abin da nake so in sani, ta ina ya shiga naka, tunda a gabana ba ka zuba ba."

Shekari ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta wajen taga. Ya girgiza da kansa, ya ga kumfar ta ƙaru. Ya ɗanɗana da bakin harshe, ya ji wani ɗan ɗaci-ɗaci da ya san ya sani, ya rasa daga ina. Haushin da ya cika masa ciki ya fara ja da baya, mamaki ya maye gurbinsa. Abu nasa, ɗansa na cikinsa, ga shi yau yana masa kallon baƙo.

Alhaji ya ce lauya na jiran wayarsa kafin a tashi aiki, gobe kuma zai yi tafiya mai nisa. In an gano abin da ya ɓace kafin yamma, to. In ba a gano ba, sai a haƙura, don shi ba zai kai wa gwamnati abin da mai shi ma bai san yadda aka yi shi ba.

A cikin keke mai ƙafa uku, hanyar Mahuta, Shekari ya yi ta tisa aikin a kansa. Man kaɗanyar ɗaya ce, wurin mace ɗaya yake saye a kasuwar Sabo. Kakin ma ɗaya ne. To ko ruwan rijiyarsu ne? Ai ba ya zuba ruwa. Ko tukunyar ce, tsohuwar tukunyar dalma da ta sha duniya? Ko hayaƙin itace, tunda su a kamfani da wutar gas aka dafa? Ya tsaya a kan hayaƙi har ya fara jin daɗin dabarar, sai ya tuna tukunyar a rufe take dahuwa. Mai keken ya waigo ya tambaye shi ko da shi yake magana, ya ce a'a, da wani giris yake.

Ya tarar da matarsa Dorcas a tsakar gida tana tsince karkashi a faifai. Ta dube shi, ta dubi fuskarsa, ta ga ba fuskar mutumin da aka rubuta sunansa ba ce, ta mai da kai ga aikinta. Shekaru sun koya mata cewa maganar giris ba tata ba ce. Tun farkon fari ya ja mata kunne, kada ta tambaya, kada ta yi zancen ko da 'yar'uwarta, don bakin mata ba shi da murfi. Ita kuwa ta riƙe umarnin nan da kyau, har fiye da yadda ya so.

Ya ɗauko tukunyar ya ƙanƙare gindinta da cokali ya sansana. Ya sansana muciya. Ya jawo ruwa a rijiya ya kurɓa ya tsaya yana juya shi a baki.

"Baban Sam, lafiya?" in ji Dorcas. "Ko ka fara maganin gargajiya ne?"

"Hura mini wuta."

Ya shiga ɗaki ya kulle, ya yi awonsa, ya fito da kwano a rufe kamar kullum, ya juye a tukunya. A al'adarsa, daga nan aikinsa ya ƙare. Dahuwar tana da daɗewa, shi kuma a ganinsa namiji mai furfura ba ya zaman bakin murhu, sai ya ce, "Maman Sam, duba mini tukunyar nan," ya fice gindin mangwaro wajen 'yan dara har sai an aiko cewa ta huce. Yau kam ya jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna, ya kafa wa tukunyar ido kamar mai gadin ɓarawo.

Man ya narke, kakin ya narke, suka tafasa. Ya juya, ya sake juyawa. Abin ya ƙi haɗuwa, mai a sama, wani gudaji-gudaji a ƙasa, daidai irin na kamfani. To ba tukunya ba ce ke nan, ba kuma hayaƙi ba ne. Hayaƙin dai ya cika masa ido, rana tana ta yin gaba.

Dorcas ta zo wucewa da faifanta, ta leƙa tukunyar ta gefen ido, ta yi tsaki irin na mai girki.

"Ya tsinke. Ɗan matsa."

Kafin ya ce wani abu ta miƙa hannu bayan murhu ta jawo wata tsohuwar kwalbar lemo mai ruwa ja-ja a ciki. Ta kwance murfin, ta karkata ta kan tukunyar.

Ya cafke hannunta. "Mene ne wannan?"

"Ruwan toka mana."

"Za ki zuba mini ruwan toka a giris?"

"Yau na fara?" in ji ta, da mamakinta na gaskiya. "Sake ni kafin ya kama ƙasa."

Hannunsa ya saku da kansa. Ta tsiyaya kaɗan, tukunyar ta yi cuu ta taso da kumfa, ta karɓi muciyar ta tuƙa da ƙarfi, ta janye itace ɗaya, ta ƙara tsiyayawa. A gaban idonsa man da ke yawo a sama ya fara shigewa, abin ya yi kauri, ya yi fari, ya koma giris ɗin Baba Shekari wanda ake aiko gwangwani dominsa daga Tudun Wada. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

"Tun yaushe?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Tun ranar da ya fara yi maka kyau. Ka bar mini shi ya tare mini murhu, ga yara za su dawo daga makaranta ban ɗora komai ba, shi kuma ya ƙi haɗuwa. Na ce mai ne fa, ai ko manja in ya tsinke a miya da toka ake ɗaure shi. Na zuba, ya kama, na sauke na ɗora tuwona."

"Kuma ba ki faɗa mini ba."

"Ka ce kar in yi maganarsa. Ka dawo ka durƙusa kana gode wa Allah, ni kuma in tsaya a kanka in ce ba Shi ba ne, ni ce?" Ta goge muciyar a bakin tukunya. "Kuma kai ka ce in duba maka tukunya. Wace mace za a ba ta tukunya ta ga abu yana lalacewa ta naɗe hannu?"

Shekari ya ji kunya, ya ji haushi, ya rasa wanda zai ɗora wa. Duk kulle ƙofar nan da sakin labule, ashe rabin sirrin yake gadi, ɗaya rabin yana bayan murhu kusa da gishiri. Ya so ya yi faɗa, amma tambayar da ke cinsa ta fi faɗan ƙarfi.

"Yaya kike sanin ya isa?"

"Kumfar ce ke faɗa. In ta daina tasowa ta fara kwanciya, ka tsaya. In ka wuce nan ya zama sabulun wanki."

"Kowace toka?"

"A'a. Ta itace tana sa shi baƙi. Wannan ta karan acca ce, daga gida ake kawo mini, yadda mamata take tacewa."

Ya daɗe yana kallon kwalbar. Zai iya roƙonta ta nuna masa, ya sa kwalbar a aljihu, ya koma Kudenda ya ce mantawa ya yi. Ya san ba za ta hana ba, ba kuma za ta faɗa wa kowa ba. Amma ya tuna Diana da tambayoyinta, ya tuna kumfar da bai san tashinta ba balle kwanciyarta.

"Sa zaninki na fita," in ji shi.

"Miyata fa?"

"Miya ta jira."

Masu gadin kamfanin sun bi su da kallo, Baba a gaba riƙe da kwalbar ruwan toka a hannu biyu, Mama a baya da muciyarta a cikin leda, don ta ce ba ta yarda da cokalin mutane ba. Shekari ya tsaya a tsakiyar ɗakin gwaji ya yi bayani a taƙaice, idonsa a kan bango. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya rufe baki da hannu kamar mai tari. Diana kuwa ba ta ɓoye murnarta ba, ta karɓi kwalbar ta tsoma 'yar takardarta, ta ga ta yi shuɗi tun kafin ta jiƙe.

"Mama, don Allah a hankali za ki zuba, ina so in auna kowane zubi."

"Ke dai auna, 'yata, amma kumfar za ki kalla, ba sikeli ba."

"Zan kalli duka biyun," in ji Diana. "Sikelin saboda wanda bai san kumfa ba."

Suka haɗa kai a kan tukunya, ɗaya na tuƙi ɗaya na rubutu, suna gardama a kan ko tokar bana ta fi ta bara kaifi da yadda za a daidaita ta. Shekari ya zuba nasa kayan, daga nan ya zama mai miƙo abu. Da giris ya huce aka cika boris aka kunna. Ya yi ta gudu har Alhaji ya fita ya yi la'asar ya dawo, farantin ƙasa bai ga ko ɗigo ba.

Alhaji ya zaro waya ya kira lauya. Bayan gaisuwa ya ɗan janye ta daga kunne.

"Tana tambaya, sunan wa za a sa a matsayin wanda ya ƙirƙiro?"

Dorcas ce ta riga kowa. Tana goge hannu da gefen zani ta ce, "Ku sa nasa, Alhaji. Shi yake so."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da zuciya ɗaya ta faɗa, yadda take tura masa tsokar ƙarshe a kwano. Alhaji ya ɗaga kafaɗa alamar shi duk ɗaya ne a wurinsa, Diana ta sunkuyar da kai kan takardunta. Ga abin da Shekari ya nema tun yana saurayi an miƙo masa, ba mai ja da shi, kuma ya ji ba zai iya haɗiye shi haka ba.

"Mu biyu ne," in ji shi. "A fara da nata."

Yana faɗa ya ɗan sami sanyi a ransa, don ya lissafa cewa Dorcas Shekari za a rubuta, ga kuma nasa a ƙasa, sunan zai fito har sau biyu ke nan.

"Dorcas Shekari ko, Mama?" in ji Diana.

Dorcas ta juya sunan a bakinta, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"In dai za a sa, a sa Dorcas Didam. A gidanmu na koyo shi."

Alhaji ya maimaita a waya, lauya ta ce ba ta ji ba. Ya koma bakin taga ya sake faɗa, ta ce maganar na yankewa, kuma sunan baƙo ne a kunnenta. Ya miƙa wa Shekari wayar.

"Kai ka fi ni iya faɗarsa, gaya mata."

Shekari ya karɓa. Didam surukinsa ne, kuma tun ranar da ya je gaisuwar neman aure har tsohon ya kwanta dama, bai taɓa kama sunan nan da bakinsa ba, Baba yake cewa. Ya dubi matarsa, ita ma shi take kallo. Ya gyara murya, ya kai wayar kusa da baki.

"Didam," in ji shi. "Dorcas Didam. Ki fara rubuta shi, sannan in ba ki nawa."